Saba Ta Sauka, A Dawo Gobe



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ofisoshinmu, daga banki zuwa asibiti, daga wajen rajistar katin ɗan ƙasa zuwa ofishin jarrabawa na makaranta. Mutum ya bi layi tun hantsi, ya kai gaban tebur, ma'aikaci ya dubi allon kwamfuta ya girgiza kai ya ce, "Baba, sai haƙuri, saba ta sauka, a dawo gobe." A nan Zamfara, ga mazaunin Gusau, wannan goben kuɗin keke-napep ce kawai. Ga mutumin Gidan Goga kuwa, wata tafiya ce zuwa Maradun ko Talata Mafara a kan hanyar da kowa ya san halin da take ciki, ga kuɗin mashin zuwa da dawowa, ga yinin gona da ya tafi a banza, ga iyali a gida cikin zullumi har sai sun ji sallamarsa.

Muna karɓar wannan magana kamar yadda muke karɓar fari ko ambaliya, mu ce haka Allah ya so. To, komai da nufin Allah yake, amma mafi yawan abin da ke kayar da saba aiki ne da aka ɗora wa wani, ko aka ƙi ɗora wa kowa, har ya zama ba a yi shi ba. A kan wannan zan yi magana a yau, musamman ɓangaren ajiya, wato inda bayanan mutane suke kwance.

Saba dai kwamfuta ce da aka keɓe don ta riƙa ajiye bayanai tana miƙa su ga sauran kwamfutoci. Wasu suna Abuja ko Legas, ba mu da iko a kansu. Amma yanzu da yawa suna nan tare da mu. Tun da JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, kowace cibiyar jarrabawa tana da tata sabar a ɗaki. Makarantu suna tara sakamakon ɗalibai a kwamfuta, asibitoci sun fara sauya katin takarda, ma'aikatu suna biyan albashi daga jerin sunayen da ke cikin na'ura. Wani wurin ma kwamfuta ce guda a ƙarƙashin teburin akawu, kowa yana jan fayil daga cikinta. Ita ma saba ce, ko da ba a taɓa kiran ta da wannan suna ba.

A cikinta akwai faifan ajiya. Tsohon samfurin yana juyawa ne, sau 7,200 a minti ɗaya a da yawa daga cikinsu, da wata 'yar allura da ke shawagi a samansa tana rubutu da karatu. Sabon samfurin, wanda ake kira SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa. Kowanne dai ba ya ajiye fayil a dunƙule. Yana yayyanka shi ne ƙanana, ya zuba kowane yanki inda ya sami fili, sannan ya rubuta a wani sashe na musamman cewa fayil kaza yankunansa suna wuri kaza da kaza, mai shi wane, ranar da aka taɓa shi kaza. Wannan tsari na jerawa da lissafi shi ne zuciyar al'amarin. Na Windows ana kiran sa NTFS, na Linux galibi ext4 ko XFS. Filashin da muke yawo da shi a aljihu sau da yawa yana zuwa da wani tsohon tsari, FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4, shi ya sa za ka ga fili ya isa amma fayil ya ƙi shiga.

To ku lura da abin da ke faruwa idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu. An zuba yankunan fayil, ba a gama rubuta lissafinsu ba, ko an rubuta lissafin, yankunan ba su gama sauka ba. Masu ƙera waɗannan tsare-tsare sun san da haka, shi ya sa NTFS da ext4 suke fara rubuta niyyarsu a wata 'yar rajista kafin su aikata, domin idan wuta ta dawo su duba inda aka tsaya su daidaita. Wannan dabara tana ceto sau da yawa, amma an yi ta ne don hatsarin da ke zuwa jefi-jefi. A inda wuta ke ɗaukewa sau da dama a yini, janareta ya mutu don mai ya ƙare, a tayar da shi ya zo da ƙarfin da ya wuce kima, wata rana lissafin zai rikice. Daga nan sai fayil ya ƙi buɗewa, ko folda ta ɓace, ko na'urar ta fito da tambayar da ta fi kowace hatsari: wannan faifai yana buƙatar fomatin, a yi?

Ina roƙon duk wanda ke saurarena yana aiki da kwamfutar ofis: kada ka danna eh. A wannan lokacin bayanan suna nan kwance a faifan, lissafin inda suke ne ya lalace. Fomatin yana shimfiɗa sabon lissafi mara komai a kan tsohon, kuma duk abin da aka rubuta bayan nan yana iya hawa kan bayanan mutane ya shafe su har abada. Yawancin masu gyaran kwamfuta a kasuwa sun saba da fomatin domin shi ne ya fi sauri, kuma ga wayar saurayi ko kwamfutar kallon fim ba laifi. Ga na'urar da ke ɗauke da sakamakon ɗalibai na shekara goma, ɓarna ce babba. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a tsayar da rubutu nan take, a ɗauki kwafin faifan gaba ɗaya zuwa wani faifai lafiyayye, sannan a gwada gyara. Akwai kayan gyaran: chkdsk a Windows, fsck a Linux, kuma shi fsck ba a sakin sa a kan faifan da ake cikin aiki da shi, sai an sauke shi tukuna. Haka kuma idan Linux ta ga matsala a faifai, sau da yawa takan kulle shi ta yadda za a iya karantawa amma ba za a iya rubutawa ba. Kariya ce take yi. Wanda ya tilasta buɗe shi ba tare da ya binciki dalili ba, shi ya ƙarasa kashe shi.

Sai matsala ta biyu, wadda ta fi kowace sauƙin kaucewa amma ta fi yawan faruwa: faifai ya cika. Kada wani ya ce wannan sakacin ƙauye ne. Ranar 29 ga Agusta 2023 kamfanin Toyota ya tsayar da dukkan masana'antunsa 14 na haɗa motoci a Japan. Mutane suka fara zargin masu kutse. Da kamfanin ya yi bayani, sai ya ce ana aikin gyara da tsaftace rumbun bayanansa na odar kayan haɗi ne, fili ya ƙare a faifai, tsarin ya tsaya. Na'urar da aka tanada don ta karɓi aiki idan an sami matsala kuwa tana kan tsari ɗaya da ta farkon, ita ma ta faɗi da ciwo iri ɗaya. Sai da aka kwashe bayanan zuwa saba mai faɗi sannan aiki ya dawo washegari.

Me ke cika faifai a wurinmu? Da farko saba tana rubuta rahoton duk abin da ta yi, dare da rana, kuma idan ba a saita ta ta riƙa share tsofaffin rahotanni ba, za su yi ta taruwa har su cinye filin. Ga hotunan takardu da ake ɗauka da girman da ya wuce buƙata. Ga kyamarorin tsaro da ake haɗa su da faifai ɗaya da na aiki. Ga kuma abin da kowa ya sani ba a son faɗi, ma'aikata suna zuba finafinai da wa'azozi da hotunan biki a na'urar ofis domin ita ce mai fili. A Linux, umarni biyu ƙanana sun isa su nuna gaskiya cikin minti ɗaya: df yana faɗin yawan filin da ya rage, du yana nuna foldar da ta cinye shi. Akwai dabaru biyu da ke rikita sabon shiga. Wani lokaci za ka share babban fayil amma fili bai dawo ba, saboda wata manhaja tana riƙe da shi a buɗe, sai an sake tayar da ita. Wani lokaci kuma fili yana nan da yawa amma na'ura ta ce ba wuri, domin guraben lissafin fayiloli a ext4 ƙayyadaddu ne, kuma miliyoyin ƙananan fayiloli sun cinye su. Ni a ganina, duk sabar da ta kai kashi 80 cikin ɗari ya kamata a ce an riga an rubuta wa shugaban ofis takarda. Jiran ta kai 100 yana nufin za a gano matsalar ne ranar da layi ya cika da mutane.

Manomin Bakura ba ya zuba gero a rumbu ya liƙe ya manta da shi sai damina. Yana zagayawa ya duba ko gara ta hau, ko ɓera ya huda, ko jinka ta fara yoyo, kuma shekarun nan sun koya masa kada ya tara abincin shekara a wuri guda. Wannan zagaye shi ne abin da ajiyar bayananmu ta rasa. Sau da yawa faifai yana nuna alama kafin ya mutu. Akwai wani tsari a cikinsa da ake kira SMART, wanda ke ƙirga awannin da ya yi yana aiki, da zafin jikinsa, da yawan guraben da suka lalace aka kauce musu. Idan wannan adadi na ƙarshe ya fara hawa, a nemi sabon faifai tun kafin ya fara ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Wannan ƙididdiga tana kuma tona asirin ɗan kwangilar da ya kawo faifan gwanjo ya ce sabo ne, domin awannin aikinsa suna rubuce a ciki. A yi hattara da filashin jabu ma, wanda ke nuna babban fili alhali cikinsa kaɗan ne, yana karɓar fayil yana hawa kan na baya.

Yanayinmu ba ya tausaya wa na'ura. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, a ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Hunturu ya zo da ƙurar da ke toshe fanka. Saba tana son ɗaki mai iska, a ɗaga ta daga ƙasa, a riƙa busa ƙurarta, a sa mata batiri tsakaninta da wutar gari wanda zai ba ta damar kashe kanta cikin tsari idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba. Sola da inbata sun sauƙaƙa wannan, amma batiri yana tsufa, kuma wanda ba a gwada ba ba a san ko zai riƙe minti biyar ba.

Wani lokaci faifai lafiyarsa ƙalau, tsarin ne aka gina a karkace. Kowa yana tuna ranar 25 ga Fabrairu 2023, lokacin da sakamakon zaɓen 'yan majalisa ke shiga shafin IReV na hukumar zaɓe amma na shugaban ƙasa ya ƙi shiga. A rahoton da INEC ta fitar a Fabrairun 2024, ta ce an tsara manhajar ne ta riƙa buɗe folda ga kowane sakamako a ƙarƙashin jihar da zaɓen ya shafa, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na jiha ɗaya ba ne, don haka na'urar ta rasa inda za ta ajiye shi ta riƙa mayar da kuskure. Wasu sun gamsu da wannan bayani, wasu har yau ba su gamsu ba, kuma ba hukunci na zo yankewa ba. Amma ko a bisa faɗar hukumar da kanta, wurin ajiye fayil da ba a gwada ba kafin ranar aiki ya jawo wa ƙasa zargi da rashin yarda da ba su gushe ba. Haka a 2025, ranar 14 ga Mayu, shugaban JAMB Farfesa Is-haq Oloyede ya fito yana hawaye ya nemi afuwa, domin an yi wa manhajar jarrabawa gyara, gyaran bai sauka daidai a wasu sabobi ba. Ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas sai da suka sake zama. Yaranmu na Zamfara ba sa cikin waɗanda abin ya shafa, amma a yi tunanin da a ce su ne, yaron da mahaifinsa ya sayar da akuya ya kai shi cibiya a ce ya sake bin hanyar.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wato kwafi na biyu. Ana sayar wa ofisoshi saba mai faifai biyu ko fiye da ke kwaikwayon juna, tsarin da ake kira RAID, a ce musu an gama. Wannan yana taimakawa idan faifai ɗaya ya mutu. Amma idan akawu ya share folda bisa kuskure, ta shafe a duka biyun a daƙiƙa ɗaya. Idan bairos mai kulle fayiloli yana neman kuɗin fansa ya shiga, duka zai kulle. Idan gobara ce ko sata, tare za su tafi. Ranar 26 ga Satumba 2025 batiri ya kama da wuta a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon. Daga cikin abin da ya ƙone akwai rumbun da ma'aikatan gwamnati ke ajiye takardun aikinsu, kimanin terabait 858, kuma ba shi da kwafi a wani wuri, saboda an ga ya yi girma da yawa a kwafe shi. Koriya ta Kudu kuwa ƙasa ce da ke ƙera wa duniya na'urorin ajiya.

Ƙa'idar da masu sana'ar suka daɗe a kanta ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gari daban. Wani zai ce ai yanzu sai a tura komai intanet a huta. Mu a Zamfara mun san iyakar wannan shawara. Daga 3 ga Satumba 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar nan gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, kuma a wajen Gusau sai kusan ƙarshen Nuwamba aka buɗe. Duk wanda bayanansa ke intanet kaɗai ya zauna ba ya iya taɓa su. Wanda nasa ke cikin ɗaki ɗaya kaɗai kuwa yana kwana da fargabar wuta da ɓarawo. Dole a haɗa biyun: kwafi a kusa da za a iya aiki da shi ko babu sabis, da kwafi a nesa. Kamfanin gwamnatin tarayya Galaxy Backbone yana da cibiyar ajiya a Abuja, an kuma buɗe wata a Kano a Janairun 2023, don haka hukumomin jiha da ƙananan hukumomi suna da inda za su nufa. Ƙaramar makaranta ko asibitin karkara kuwa, faifan waje guda biyu sun isa a fara: a kwafa a ɗaya, a cire shi daga jikin na'ura, a kai shi wani gini, mako mai zuwa a musanya. Sannan duk wata a ɗauko fayil ɗaya daga kwafin a buɗe a gani da ido. Ofisoshi da yawa a duniya sun gano kwafinsu fanko ne a ranar da suka buƙace shi.

Dalilin da ya sa na nace shi ne halin da jama'armu ke ciki. A ƙauyukan gundumar Gidan Goga da sauran sassan Maradun da Bakura, mutane da dama sun bar gidajensu da kayan jikinsu kawai, wasu an ƙona ɗakunan da takardunsu ke ciki. Takardar gama firamare, katin rigakafin yaro, shaidar haihuwa, takardar gona, duk sun tafi. Ga irin wannan mutum, abin da ke cikin kwamfutar makaranta ko ta asibiti ko ta sakatariya shi ne kaɗai shaidar da ta rage masa. Bazawarar da ke neman haƙƙin mijinta na fansho ba ta da wata hujja sai sunansa a jerin da ke cikin faifai. Wanda aka ba riƙon wannan faifai amana ce a hannunsa, kuma za a tambaye shi.

Doka ma ta shigo. A watan Yunin 2023 aka sanya hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane nauyin kare su daga ɓacewa, lalacewa da faɗawa hannun da bai dace ba. Wannan ya haɗa da tsohon faifan da aka cire aka jefa a sito ko aka sayar wa 'yan gwangwan da bayanan marasa lafiya a cikinsa. A goge shi da kyau ko a farfasa shi.

Matsalarmu a nan ita ce mun iya sayen na'ura, ba mu iya riƙon ta ba. Ana ware kuɗi a sayo saba, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, amma ba a ware ko sisi na sabon batiri, da faifan canji, da albashin wanda zai kula da ita. Sai a ɗora aikin a kan wani matashi mai yi wa ƙasa hidima, shekara ta zagayo ya tafi da lambar sirri a kansa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara tana yaye matasan da suka karanci kwamfuta, ga jami'ar jiha a garin, da yawansu suna zaune a gida ko suna sana'ar POS. Ranka ya daɗe shugaban ƙaramar hukuma, malam shugaban makaranta, likita mai kula da asibiti, a ɗauki ɗaya daga cikinsu aiki na dindindin, a tura shi horo, a ba shi littafi na takarda da zai riƙa rubuta ranar da ya duba fili, ranar da ya kwafa, ranar da ya gwada kwafin, da abin da ya canza. Shugaban ofis ya riƙa sa hannu a littafin duk ƙarshen wata kamar yadda yake sa hannu a takardar albashi. Lambobin sirri kuma a rubuta su a rufe a ambulan, a ajiye a akwatin ƙarfe na ofis, ta yadda ko an yi wa ma'aikacin canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi zai iya buɗe na'urar a ranar da ya kama aiki.